Peter Scott: Tambayoyi da Amsoshi Kan Maharbin da Ya Koma Mai Kare Tsuntsaye

Duk wanda ya taɓa ganin hoton dabbar panda, baƙi da fari, a tambarin WWF, ƙungiyar kare namun daji ta duniya, ya ga aikin hannun Peter Scott ko da bai taɓa jin sunansa ba. A Ingila kuwa ba da panda aka fi saninsa ba. Da dinya da agwagin daji aka san shi: ya harbe su, ya zana su, ya rubuta littattafai a kansu, daga baya ya ajiye bindiga ya ƙare rayuwarsa wajen kare su da dausayin da suke sauka.

Wane ne Peter Scott?

Baturen Ingila ne, an haife shi a Landan ranar 14 ga Satumba 1909, ya rasu a Bristol ranar 29 ga Agusta 1989, saura mako biyu ya cika shekara 80. Mai zane ne, marubuci ne, masanin tsuntsayen ruwa ne. Shi ya kafa cibiyar tsuntsaye ta Slimbridge a 1946, yana kuma cikin waɗanda suka kafa WWF a 1961. A 1973 Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sa (Sir), kuma shi ne mutum na farko da aka ba wannan sarauta saboda aikin kare halittu.

Shi ne ɗan Kyaftin Scott da ya mutu a ƙanƙara?

Shi ne, kuma shi kaɗai Kyaftin Robert Falcon Scott ya haifa. Uban ya ja ayarin 'yan Biritaniya zuwa ƙurewar kudancin duniya, suka isa ranar 17 ga Janairu 1912, suka tarar Roald Amundsen ɗan Norway ya riga su da kusan mako biyar. A hanyar dawowa yunwa da sanyi suka kashe su duka biyar. Peter yana da shekara biyu lokacin.

A cikin tantin da aka tsinci gawar uban akwai wasiƙar da ya rubuta wa matarsa Kathleen. A ciki ya roƙe ta, in za ta iya, ta sa yaron ya so sanin halittu, domin hakan ya fi wasanni. Kathleen mai sassaƙa mutum-mutumi ce, sananniya a Landan, kuma ta riƙe wasiyyar. Tun yana ƙarami ake kai shi gidan zoo na Landan, manyan masana da ke shiga gidansu suna nuna masa ƙwari da kifaye. Maraya ne, amma maraya ɗan gata, wanda duk ƙasar ta san sunan ubansa. Wannan suna ya buɗe masa ƙofofi da yawa, ya kuma zame masa nauyi, don duk abin da ya yi sai an auna shi da uban da bai ma tuna fuskarsa sosai ba.

Wai mene ne kallon tsuntsaye? Sana'a ce ko sha'awa?

Ga yawancin masu yinsa sha'awa ce. Mutum ya rataya tabaran hangen nesa, ya ɗauki ɗan littafin rubutu, ya fita da asuba bakin fadama ko daji, ya gane kowane tsuntsu da sunansa, ya ƙirga, ya rubuta ranar da ya gan shi da inda ya gan shi. A Biritaniya masu yin haka suna da yawan gaske. Amfanin yana fitowa ne idan aka tara rubutun mutane da yawa na shekaru masu yawa, domin daga nan ake gane wane tsuntsu ke raguwa, wane ya sauya lokacin zuwansa. Scott na cikin 'yan kaɗan da suka mai da abin hanyar cin abinci, kuma ta hanyar zane ya fara.

Da gaske ne maharbi ne kafin nan?

Ƙwarai kuwa, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Bayan makarantar Oundle ya shiga kwalejin Trinity a Jami'ar Cambridge, ya fara da kimiyyar halittu, ya koma tarihin zane, ya gama a 1931. A can ya kamu da son harbin dinya. Gabashin Ingila ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai fadamu, tana gangarawa zuwa wani babban lungun teku da ake kira Wash, inda dubban dinyoyi ke sauka da hunturu. Shi da abokansa sukan bar jami'a da dare su kwana cikin taɓo suna jiran fitowar alfijir. Har irin harbin nan ya yi da ake kwanciya rub da ciki a cikin ɗan kwale-kwale mai ɗauke da ƙatuwar bindiga a goshi, a lallaɓa har a kusanci garke.

A ganina duk abin da ya zama daga baya a nan ya samo shi. Maharbin dinya dole ya san inda iska ke kaɗawa, da lokacin da teku ke cika da janyewa, da kukan kowane iri, da yadda garke ke karkata idan zai sauka. Wanda ya shekara yana kwana a taɓo don kada tsuntsu ya gan shi, ya san tsuntsun fiye da wanda ya karanta shi a littafi. Zanensa na farko ma dinyoyin da yake farauta ne, a hasken asuba da na magariba, lokutan da maharbi ke waje.

To me ya sa ya daina?

A hankali abin ya zo. A tarihin rayuwarsa da ya rubuta ya ba da labarin wata dinya da suka harba ta faɗi da rauni a kan laka mai zurfi, inda babu mai iya taka ƙafa. Washegari suka dawo suka hango ta tana nan da rai, ba su iya ɗauko ta ba, ba su iya ƙarasa ta ba. Abin ya tsaya masa a rai, amma bai ajiye bindiga nan take ba, sai da aka yi shekaru. Abin da ya ƙara karya masa gwiwa shi ne kiwon tsuntsayen da ya fara. Ya riƙa ɗauko waɗanda aka ji wa rauni yana jinyarsu, ya san su ɗaya-ɗaya, ya ga yadda namiji da mace ke zama tare shekara da shekaru. A farkon shekarun 1950 ya bar harbi gaba ɗaya. Bai koma yana zagin maharba ba, ya ci gaba da hulɗa da su, don ya san su ma suna bukatar dausayi ya wanzu.

Ina ya koyi zane, kuma ya ci abinci da shi?

Ya yi karatun zane a birnin Munich na Jamus, sannan a makarantar Royal Academy ta Landan. A 1933 ya yi baje kolin zanensa na farko a Landan, kuma kasuwa ta karɓe shi. A wannan shekarar ya kama hayar wata tsohuwar hasumiya a bakin kogin Nene, kusa da Sutton Bridge, inda kogin ke shiga Wash. Ya zauna can har zuwa 1939 yana zane, ya kewaye wani yanki na fadama da waya ya tara dinyoyi iri-iri. Na daji masu wucewa sukan ji kukan 'yan'uwansu su sauko. Daga can ne ya yi tafiya har Hungary da gaɓar tekun Kasfiya a Iran don neman wata dinya mai jan ƙirji.

Ya ci abinci da zane sosai. An buga kwafin zanensa da yawa, har aka yi zamanin da da wuya a shiga gidan mai matsakaicin hali a Ingila ba a ga garken dinya na keta jan sararin magariba a bango ba.

Masana zane sun ɗauke shi da muhimmanci?

Ba sosai ba. Masu sharhin zane na Landan sun ɗauke shi mai zanen kasuwa, mai maimaita abu ɗaya: tsuntsaye a sama, fadama a ƙasa, rana tana faɗuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, domin ya zana wannan yanayi sau ba adadi, kuma sau da yawa don biyan kuɗin cibiyarsa ya yi. Amma a duba fikafikan tsuntsayen da ke zanensa. Kowanne yana daidai inda ya kamata ya kasance a wannan bugun, garken yana da tsari irin na garke na gaske, kuma masani zai faɗi irin dinyar daga siffarta kawai ko da inuwa ce. A zamanin da kyamara ba ta iya kama tsuntsu a sama cikin duhun asuba, da ido da ƙwaƙwalwa ya kama wannan. Ni a wurina ƙananan zanensa na littafin aljihu, waɗanda yake yi a tsaye a fili, sun fi manyan allunan rai.

Me ya yi a Yaƙin Duniya na Biyu?

Sojan ruwa ya shiga. Ya fara a jirgin yaƙi mai suna Broke, yana rakiyar jiragen kaya a tekun Atlantika, daga baya ya jagoranci ƙananan jiragen yaƙi masu gudu a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa. Yana cikin harin da aka kai garin Dieppe na gaɓar Faransa a Agusta 1942, kuma ya sami lambar jarumta ta DSC har sau biyu. Idonsa na mai zane ya yi amfani a nan ma. Ya lura cewa da dare jirgi mai duhun fenti fitowa yake yi baƙi ƙirin a kan sararin sama, don haka ya ba da shawarar a shafe jirage da fari da shuɗi da kore masu haske. Rundunar ta karɓi tsarin ta yi amfani da shi a jirage da yawa.

Da aka gama yaƙi ya tsaya takarar majalisa a 1945 a mazaɓar Wembley ta Arewa ƙarƙashin jam'iyyar Conservative. Ya faɗi da ratar ƙuri'u ƙasa da 500. Dinyoyi sun ci ribar wannan faɗuwa.

Yaya Slimbridge ta samo asali?

A Disamba 1945 ya je bakin kogin Severn a gundumar Gloucestershire, kusa da ƙauyen Slimbridge, inda dinyoyi masu farin goshi wajen 2,000 ke kiwo. Ya daɗe yana zargin cewa wata ƙaramar 'yar'uwarsu, wadda ake ganin da ƙyar take zuwa Biritaniya, tana ɓuya a cikin irin wannan garke, ba a dai duba da kyau ba ne. Ya shiga wani ɗakin kankare da sojoji suka bari a bakin ruwa, ya bi garken ɗaya bayan ɗaya, ya sami biyu. Nan ya yanke shawarar cewa a wurin zai kafa cibiyarsa. A Nuwamba 1946 aka kafa Severn Wildfowl Trust, wadda a yau ake kira WWT, wato ƙungiyar kare tsuntsayen ruwa da dausayi.

Abin da ya bambanta Slimbridge da sauran wuraren kare tsuntsaye na lokacin shi ne ƙofa a buɗe take. Yawancin masu kare halittu a wancan zamani suna ganin hanyar kare tsuntsu ita ce a kore mutane daga wurinsa. Scott ya ce mutum ba zai damu da abin da bai taɓa gani ba. Sai ya haɗa abu uku a wuri ɗaya. Ga tsuntsayen ruwa na gida da ya tattaro daga ko'ina a duniya, yaro na iya ba su hatsi a tafin hannu. Ga ɗakunan leƙe da aka gina a bayan tudun kare ambaliya, da hanyoyi masu shinge, ta yadda mutum zai zauna dab da dinyoyin daji ba su san yana nan ba. Ga kuma masu bincike da ke ƙirga da aunawa. Kuɗin ƙofa na baƙi shi ke taimakawa wajen ɗaukar nauyin binciken. Gidansa ma a cikin cibiyar ya gina shi, da wata ƙatuwar taga mai kallon tafki, a gabanta yake zane.

Mene ne amfanin sa wa tsuntsu zobe a ƙafa?

Zoben ƙarfe ne mai lamba da adireshi. Duk wanda ya sake kama tsuntsun ko ya harbe shi, a ko'ina ne, ya aiko da lambar, sai a san inda ya je da shekarun da ya yi. Matsalar ita ce kama dinyar daji da rai, don tsuntsu ne mai wayo. A 1948 Scott da abokan aikinsa suka fara amfani da raga mai roka: a shimfiɗa raga a ɓoye a gona, in garke ya sauka a danna waya, rokoki su ja ragar ta rufe su.

Sai tambayar inda dinya mai jan ƙafa, wadda ke cika Ingila da Scotland da hunturu, take yin ƙwai. A 1951 ya tafi tsakiyar tsibirin Iceland a kan doki, tare da masanin tsuntsaye James Fisher da Philippa Talbot-Ponsonby da masanin ƙasar Finnur Gudmundsson, suka sami babbar matattararta a wani dausayi a gindin dutsen ƙanƙarar Hofsjokull. A tsakiyar bazara manyan dinyoyi kan zubar da gashin fiffike su kasa tashi na 'yan makonni, 'ya'yan kuma ba su fara tashi ba. Sai suka riƙa kora su a kan dawaki zuwa cikin raga, dabarar da mutanen Iceland na dā suka yi amfani da ita don nama. Sun sa wa fiye da 1,000 zobe a wannan shekara, da suka koma a 1953 suka sa wa kusan 9,000. Daga waɗannan zobba aka fara lissafin yawan irin da adadin da ke mutuwa kowace shekara.

An ce ya ceci wata dinya daga ƙarewa. Wacce ce?

Nene, dinyar tsibiran Hawaii. Farauta da dabbobin da baƙi suka shigo da su tsibiran, irin su kyanwa da kare da tunku, sun rage ta har ta koma kimanin 30 a daji a farkon shekarun 1950. A 1950 wani mai kiwonta a Hawaii, Herbert Shipman, ya ba Slimbridge guda biyu a matsayin miji da mata. Da lokaci ya yi duka biyun suka yi ƙwai, ashe mata ne. Aka aika da saƙo aka kawo namiji a 1951, a 1952 aka sami 'ya'yan farko. Daga 1962 aka fara mai da waɗanda aka ƙyanƙyashe a Ingila zuwa tsibirin Maui, kimanin 200 a jimlace. Yau nene ta haura 3,000.

Sai dai a yi adalci. Yawancin tsuntsayen da aka saka daji a Hawaii aka ƙyanƙyashe su, a cibiyar gwamnati ta Pohakuloa. Gudummawar Slimbridge ita ce ta nuna yadda ake kiwonta ta yi yawa, ta kuma raba ta ga gidajen kiwo a ƙasashe dabam-dabam don kada annoba ɗaya ta share irin.

Da gaske yana gane tsuntsaye da fuskokinsu?

Wannan shi ne aikinsa da ya fi burge ni. Akwai wani babban farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya, dangin dinya, da ake kira swan na Bewick. Yana yin ƙwai a arewacin Rasha, ya yi tafiyar kilomita wajen 3,500 ya yi hunturu a yammacin Turai. A Fabrairu 1964 wasu suka fara sauka a tafkin da ke gaban tagar Scott. Yana zana su sai ya lura cewa zanen rawaya da baƙi da ke bakin kowanne dabam yake da na ɗan'uwansa, kamar yadda zanen yatsa yake a wurin mutane. Ya fara zana bakin kowane tsuntsu ta gaba da gefe biyu, ya raɗa masa suna. 'Yarsa Dafila, tana yarinya, ta kama aikin tare da shi har ta fi shi gwaninta.

Ba a daina ba har yau, an rubuta fiye da tsuntsaye 10,000. Ba tare da an kama ko ɗaya ba, an san wane ne mijin wace, 'ya'ya nawa suka kawo bana, wane dangi ke korar wane a wurin abinci. An tabbatar cewa kusan dukansu aure ɗaya suke yi har mutuwa. Da aka ɗauki hoton ƙashin waɗanda aka kama don sa zobe, aka tarar kusan ɗaya cikin uku na ɗauke da harsashi a jiki, alhali doka ta hana harbinsu a duk ƙasashen da suke ratsawa. Duk wannan ilmi daga mutum ɗaya ya taso, wanda ya zauna ya dubi bakin tsuntsu da kyau don yana so ya zana shi daidai.

Waɗanne littattafai ya rubuta?

Na farko biyu, Morning Flight da Wild Chorus, a shekarun 1930 suka fito, labaran farauta ne da zanensa. The Battle of the Narrow Seas na 1945 kan yaƙin ƙananan jiragen ruwa ne. A Thousand Geese na 1953, shi da James Fisher, labarin tafiyar Iceland ne. A 1957 ya fitar da ɗan littafin gane agwagi da dinyoyin duniya duka, kowanne da hotonsa mai launi, wanda masu kallon tsuntsaye suka daɗe suna sawa a aljihu. Tarihin rayuwarsa, The Eye of the Wind, ya fito a 1961. Wanda zai karanta ɗaya kawai, wannan ya kamata ya nema, ko da yake ya tsaya ne kafin rabin aikin da aka fi tunawa da shi.

Ina labarin talabijin?

Daga 1955 zuwa 1969 ya gabatar da shirin Look a BBC, shirin da ya shigar da namun daji falon Ingilishi tun talabijin na baƙi da fari. Yakan zauna ya yi bayani cikin natsuwa, ya ɗauki alƙalami ya zana tsuntsun a gaban masu kallo. David Attenborough, wanda ya gaji wannan fage, ya sha faɗin irin bashin da masu kare halittu ke ɗauke da shi na Scott.

Mece ce rawarsa a WWF?

A ƙarshen 1960 masanin halittu Julian Huxley ya rubuta maƙaloli a jaridar Observer kan yadda namun dajin gabashin Afirka ke ƙarewa. Ƙungiyar masana kare halittu ta duniya, IUCN, tana nan, tana da ilmi, ba ta da kuɗi. Sai Max Nicholson da Guy Mountfort da Scott da wasu suka kafa asusun da zai tara kuɗin, aka yi masa rajista a Switzerland a 1961. Scott ne shugaban majalisarsa na farko, ya kuma daɗe a kujerar. Tambarin panda shi ya zana, bisa zanen gwaji na Gerald Watterson, lokacin da wata panda mai suna Chi Chi ke jan jama'a a gidan zoo na Landan. Ɗaya daga dalilan zaɓenta mai sauƙi ne: baƙi da fari ce, ba sai an biya kuɗin buga launi ba.

Aikin da ya fi tambarin nauyi shi ne Jan Littafi. A farkon shekarun 1960, yana shugabantar kwamitin IUCN mai kula da halittun da ke cikin haɗari, ya kawo tsarin a ba kowace halitta shafinta: nawa suka rage, ina suke, me ke kashe su. Shafukan a warware suke don a iya cire tsoho a sa sabo. Wannan ne ya zama Jan Jerin IUCN da gwamnatoci ke dogaro da shi yau. Ya kuma yi shekaru yana halartar tarukan hukumar kula da kamun manyan dabbobin teku na wel, har aka kaɗa ƙuri'ar dakatar da kamunsu don kasuwanci a 1982.

Uban ya ce halittu sun fi wasanni. Ya bar wasanni ke nan?

Ko kaɗan. Ya ci lambar tagulla a tseren ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska a gasar Olamfik ta 1936 a Jamus. A 1963 ya zama zakaran Biritaniya a tuƙin jirgin sama marar inji, abin da ya fara koyo yana dab da shekara 50. A 1964 ya ja jirgin ruwa mai suna Sovereign a gasar tseren jiragen ruwa ta Kofin Amurka, Amurkawa suka lallasa su 4 da 0.

Mene ne gaskiyar maganar dodon Loch Ness?

Nan kam ya yi tuntuɓe. Loch Ness tafki ne mai zurfi a Scotland da aka daɗe ana cewa akwai wata ƙatuwar dabba a ciki. Scott ya ɗauki maganar da gaske tun farkon shekarun 1960. A Disamba 1975, bisa wasu hotunan ƙarƙashin ruwa na wani Ba'amurke, Robert Rines, su biyun suka raɗa wa dabbar sunan kimiyya a mujallar Nature. Hujjarsa ita ce doka ba ta kare dabbar da ba ta da suna, don haka gara a raɗa tun kafin a tabbatar. Masana suka yi masa ca, jaridu suka yi ta ba'a. Daga baya ya bayyana cewa an gyara hotunan da suka fi jan hankali, wani abin da aka ɗauka kan dabbar ne kuma ana kyautata zaton kututturen itace ne. Mutumin da ya yi suna wajen duba abu da idonsa, a nan ya yarda da hoton da wani ya kawo masa.

Akwai wata ɓarna da aikinsa ya jawo?

Akwai. A 1948 ya shigo da wata 'yar agwagwa mai jan jiki da shuɗin baki daga Arewacin Amurka. Ƙa'idar gidan ita ce a yanke ƙarshen fiffike ɗaya na tsuntsayen kiwo tun suna ƙanana don kada su tashi, al'adar da ita kanta masu kare haƙƙin dabbobi suka soki cibiyar a kanta. 'Ya'yan wannan agwagwa kuwa gwanayen nutso ne, wasu suka kuɓuce ba a yanke musu ba, suka bazu. Zuwa 2000 sun kai wajen 6,000 a Biritaniya, suna ƙetarawa Sifen suna barbarar wata agwagwa mai farin kai wadda dama ta kusa ƙarewa a Turai. Gwamnatin Biritaniya ta kashe miliyoyin fam tana harbe su har suka koma 'yan ƙalilan, kuma WWT da kanta ta goyi bayan harbin.

Iyalinsa fa?

Ya auri Elizabeth Jane Howard a 1942, wadda daga baya ta zama fitacciyar marubuciya. Sun haifi 'ya ɗaya, auren ya mutu. A 1951 ya auri Philippa a Reykjavik, bayan sun sauko daga wurin dinyoyin Iceland, suka haifi mace da namiji. Philippa mai ɗaukar hoto ce, ta ci gaba da zama a gidan Slimbridge har rasuwarta a 2010.

Aikinsa ya shafe mu a nan?

Ta hanyar dausayi. Yarjejeniyar kare dausayin duniya da aka sa wa hannu a garin Ramsar na Iran a 1971 ta taso ne daga damuwar masu ƙirga tsuntsayen ruwa, kuma Geoffrey Matthews, shugaban bincike na Slimbridge, yana cikin waɗanda suka tsara ta. Hujjar ita ce tsuntsu mai ƙaura ba na ƙasa ɗaya ba ne, in an kare shi a inda yake ƙwai aka busar da inda yake hunturu, an yi aikin banza. Wasu agwagin da ke yin ƙwai a Turai da Rasha suna ƙetare Sahara su yi hunturu a tafkin Chadi da dausayin Hadeja da Nguru, wanda wani yankinsa ke cikin jerin Ramsar. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarci matattarar tsuntsaye ta Dagona da ke yankin a 1989, yana shugaban WWF na duniya.

Me ya rage na aikinsa yanzu?

Ciwon zuciya ne ajalinsa. A shekarar da ya rasu aka sauya sunan ƙungiyar aka ƙara dausayi a ciki, domin ya daɗe yana cewa ba a kare agwagwa sai an kare ruwanta. Lokacin yana kan shirin kafa dausayi a cikin birnin Landan, a wasu tsofaffin matattarar ruwan sha da ke unguwar Barnes, aka buɗe shi a 2000. WWT tana da cibiyoyi a Ingila da Scotland da Wales da Ireland ta Arewa, irin su Welney da Martin Mere da Caerlaverock. Gidansa na Slimbridge an mai da shi gidan tarihi a 2019. Mai son ganin swan na Bewick a tafkin da ke gaban tagar sai ya je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ko da yake masu zuwa sun ragu ƙwarai, domin hunturun Turai ya yi sauƙi, da yawansu suna tsayawa a Jamus da Holan ba sa ƙarasowa Ingila.